Wadari da Ƙoshiya a Busar Luwis Amstiron

Duk wanda ya taɓa aiki a masaƙar zamani, ko a Bompai, ko a Sharada, ko a Challawa, tun zamanin da masaƙun Kano ke aiki dare da rana, ya san abin da kan sami baƙo ran da ya fara sa ƙafa a ɗakin injuna. Ƙara ta cika masa kunne, ƙarafa suna ta kai da kawowa, ya rasa gaba ya rasa baya, har ya ɗauka babu wani tsari a wurin. Amma tsohon ma'aikaci da ke tsaye kusa da shi, wanda ya shekara goma a bakin injin, yana jin kowane bugu daban. In inji guda ya sake murya, kunnensa kan gaya masa tun idonsa bai kai wurin ba.

To, yadda ɗakin injuna yake ga baƙo, haka kiɗan nan na baƙaƙen mutanen Amurka da ake kira jaz yake ga mutane da yawa a Kano. In ya faɗo a rediyo, ko wani yaro ya kunna shi a waya a rumfar mai shayi ta bakin ƙofar kamfani, sai a ce hayaniya ce, kowa yana busa abin da ya ga dama. An yi gaggawar yanke hukuncin nan. Gaskiya ne mabushin jaz nan take yake ƙaga busarsa, ba ya karanta ta a takarda, in kuwa ya sake ta gobe sai ta fito da wata kama. Amma a kan wadari yake tafiya. Masaƙi kan ja zaren wadari ya ɗaure tukuna, sa'an nan ƙoshiya ta ɗauki abawa ta riƙa ratsa shi, ta fitar da adon da ake so. Ƙoshiya tana da sake, wadari kuwa ba ya motsi. Wanda ke son ya ga wadarin jaz a fili, da wuya ya sami abin da ya fi wani faifai da ake kira West End Blues, wanda Luwis Amstiron ya busa.

An haifi Amstiron a birnin Niyu Orliyans a 1901, cikin talauci mai tsanani. Yana yaro ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, aka kama shi aka kai gidan horon yara, can ne ya koyi busa ƙaho sosai. Ƙahon nan na tagulla ne, mai madannai uku, ɗan'uwan begilar soja. Ubangidansa a sana'a shi ne Jo Oliba, wanda makaɗa suka yi wa laƙabi da Sarki, shi ne kuma ya kira shi birnin Shikago a 1922. Shi Oliba ne ya shirya karin West End Blues, ya sa masa sunan wani wurin shan iska da ke bakin tabki a garinsu, ya ɗauke shi a faifai ran 11 ga Yuni 1928. Ran 28 ga watan nan yaronsa ya shiga ɗakin ɗaukar murya da abokansa biyar ya sake shi. Tun daga ran nan aka kusa mantawa da na ubangidan.

Mutumin ba baƙon ƙasar nan ba ne. A 1960, shekarar samun mulkin kai, ya zo Gana da Nijeriya, kamfanin Pepsi-Cola ne kuwa ya ɗauki nauyin zuwan nasa don tallar sababbin ma'aikatun lemo da ya buɗe a Afirka ta Yamma. Har akwai hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, a Kaduna. Ya rasu a 1971.

Kafin a saurari faifan, sai a duba fiyano, gama a kanta ne abin ya fi sauƙin nunawa. Madannanta farare ne da baƙaƙe. Baƙaƙen a jere suke ƙungiya-ƙungiya, tagwaye sa'an nan 'yan uku, tagwaye sa'an nan 'yan uku, har ƙarshe. Kiɗan Turawa a kan tsani mai mataki bakwai yake hawa, watau do, re, mi, fa, so, la, ti, kana a komo do na sama. A wannan kari, do shi ne baƙin madanni na dama cikin tagwaye, wanda Turawa ke kira I-filat. Fa shi ne na tsakiya cikin 'yan uku, so kuwa na damansu. Sauran matakan farare ne.

In aka danna sauti uku ko huɗu gaba ɗaya suka yi daɗin ji tare, Turawa kan ce kod. A nan za a kira shi dami, tun da yake sautuka ne aka ɗaure wuri guda kamar zangarniyar gero. Dami uku ne ƙashin bayan wannan kari. Na fari do da mi da so, shi ne Gida, nan kunne ke hutawa. Na biyu fa da la da do, shi ne Maƙwabci, gama do yana cikinsa yana kuma cikin Gida, kamar gidaje biyu masu katanga ɗaya. Na uku so da ti da re, akan kuma ƙara masa fa. Shi ne Ƙofa, shi ne kuma mai hana kunne sakat. Dalili kuwa, ti yana manne a ƙarƙashin do, babu madanni tsakaninsu, fa kuma yana manne a bisa mi. Saboda haka duka biyun a karkace suke, ti yana son ya hau do, fa yana son ya sauka mi. Mutumin da ya iso bakin ƙofar gidansa da kaya a ka ba ya daɗewa a tsaye.

Lokaci kuma a aune yake. Bugu huɗu shi ne gaɓa guda. Gaɓa 12 ita ce zagaye guda, watau bugu 48, wannan tsari ne ake kira buluz. Gaɓa huɗu na fari ana Gida, biyu a Maƙwabci, biyu a komo Gida, biyu a Ƙofa, biyun ƙarshe a Gida. Da an kai ƙarshe sai a koma fari, kamar yadda masu aikin safe ke miƙa wa na yamma injin bai tsaya ba. Akwai wata dabara a gaɓa ta huɗu wadda ya kamata mai koyo ya riƙe. Ana nan a Gida sai a ƙara wa damin baƙin madanni na hagu cikin tagwaye. Madannin nan yana manne a bisa la, la kuwa ɗan gidan Maƙwabci ne, don haka sai Gidan kansa ya karkace ya zama ƙofar shiga maƙwabta. Mai kunne kan ji canjin yana tafe tun bai iso ba. Wadarin ke nan duka. Faifan zamanin bai ɗaukar abin da ya wuce minti uku da kaɗan a fuska guda, zagaye biyar ne ya shiga, da 'yar gabatarwa.

Gabatarwar ba ta fi sakan 15 ba, amma ita ce ta fara ta da hankalin mabusa. Amstiron shi kaɗai ne, ba fiyano, ba ganga. Ya fara da saukowa da ƙarfi kamar mai kiran jama'a, ya juya ya hau har ƙololuwar ƙaho, ya ɗan tsaya, sa'an nan ya gangaro a guje yana sauya taki. Ko da yake babu mai danna masa dami, a bisa matakan damman yake ɗora ƙafa, shi ya sa busar ba ta watse ba. Da ya dire sai abokansa suka shigo gaba ɗaya da damin Ƙofa suka riƙe. Amma sun taɓa shi: re da ke ciki sun ɗaga shi rabin mataki, ya koma baƙin madanni na hagu cikin 'yan uku. Madannin nan ba ya cikin tsanin bakwai. Baƙo ne, da wannan suna kuwa za a riƙa kiransa. Mai karatu ya sa masa ido, gama sau uku zai bayyana, kowane zuwa da aikin da zai yi.

Zuwansa na fari ke nan, ya ƙara matse Ƙofa. Zuwansa na biyu nan da nan ne, gama karin kansa da sauti uku ya buɗe: Baƙo, mi, so. Ashe sautin da aka cusa cikin damin shi ne bakin zaren karin, an miƙa wa kunne shi tun kafin a fara. A nan Baƙo matakala ce kurum, a taka shi a haye mi. Amstiron ya busa zagayen fari a hankali, yana bin karin Oliba kusan yadda yake, sai can wajen gaɓa ta tara da aka isa Ƙofa ya soma yi masa ado, ya ƙare yana hawa sama. Akwai hikima a haƙurin nan. Sai an nuna wa mai sauraro farin ƙyalle tukuna zai san darajar aikin da za a yi a kansa.

Zagaye na biyu na mai dogon ƙaho ne, irin wanda ake zugewa a maido. Ba shi da wani abin a zo a gani. Yana zaune kan sautukan dami, in aka koma Maƙwabci ya koma, in aka dawo ya dawo. Amma mai koyon ƙirga gaɓa a nan ya kamata ya fara, don babu adon da zai ɗauke masa hankali, ga kuma mai ganga yana ƙwanƙwasa wasu 'yan faya-fayan tagulla a hannu kamar takun doki.

A zagaye na uku ne Bahaushe zai ji kamar an komo da shi gida. Mai kilarinet, wata baƙar algaita ta Turawa mai taushin murya, yakan busa guntun karin a ƙasa-ƙasa, sai Amstiron ya ajiye ƙaho ya amsa masa da muryarsa, babu kalma ko ɗaya, rerawa ce kawai. Da fari abin da aka ba shi yake maidowa. Sannu a hankali amsar ta riƙa tsawo tana lanƙwasa, har ta fi tambayar. Jagora da amshi ke nan, sai dai an juya su. A wurin makaɗan Hausa jagora ne mai kawo sabuwar magana, 'yan amshi su biyo da gindin waƙa wanda ba ya sakewa. A nan mai riƙe da abin da ba ya sakewa shi ke gaba, mai ƙagowa yana biye.

Kamar da ke tsakanin sana'o'in biyu ta wuce nan. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da shirya waƙa nan take a gaban jama'a, ba a kuwa taɓa cewa yana faɗin abin da ya ga dama ba tsari ba. Kowa ya san kalangai suna riƙe da zagayensu, 'yan amshi suna jiran wurin shigarsu. Ko ɗan waƙar da ya ɗauko gajere ne ko dogo, tilas ya dire shi daidai inda amshi zai karɓa, in ya kuskure ko yaro zai ji. Har wa yau harshen Hausa kansa yana ɗaure mawaƙi, don kowace kalma tana da hawa da saukarta, wanda in aka karya ma'ana ta ɓaci. Mabushin ƙaho ba shi da kalma, saboda haka damman nan uku su ne ke tsaya masa a madadin wannan ɗauri. Bambancin da ke akwai shi ne, ƙasar da Shata ke takawa ba ta sakewa daga farkon waƙa har ƙarshenta, ta Amstiron kuwa tana gusawa a ƙarƙashinsa sau huɗu cikin kowane zagaye. Kada a ɗauka rashin dami kasawa ce ga kiɗan Hausa. Su kansu mutanen jaz, bayan sun shekara talatin suna ƙara yawan damman har wani kari yakan sake dami kowane bugu biyu, sai wasunsu suka gaji, suka koma neman kiɗan da ke zaune wuri guda. Mayils Debis ya yi haka a faifansa na 1959 mai suna Kind of Blue. Wani babban mabushinsu kuma, Yusuf Latif na birnin Ditiroyit, ya zo Zariya ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985, yana binciken sarewar Fulani.

Zagaye na huɗu na mai fiyano ne, Erl Hains, shi kaɗai, kowa ya yi shiru. Hannunsa na dama yana zuba sautuka ƙanana masu yawa kamar yayyafi, da ya isa Maƙwabci ya sauya ya riƙa dukan madannai da ƙarfi, kana ya komo da taushi. Wani zai ce adon farkon ya yi yawa, yana neman ya zama kwalliyar da ba ta biyan kuɗin sabulu, akwai kuwa ƙamshin gaskiya a maganar. Abin da ya cece shi hannun hagu ne. Hannun nan yana riƙe da ƙirga, yana kuma cusa ƙananan damman ratse tsakanin manyan ukun. Jirgin ƙasa da ya tashi daga Kano zuwa Zariya yana iya tsayawa a Challawa da Madobi, yana kuma iya wucewa bai tsaya ba, Zariya dai tana nan inda take. Haka Hains ke yi. Kome yawan tashoshin da ya ƙara, gaɓa ta biyar a Maƙwabci take samunsa, ta tara a Ƙofa.

A nan ne maganar ta shafi samarin Kano. Tun daga shekarun 1990 fiyano mai lantarki, yawanci ƙirar Yamaha, ta zama uwar kiɗan waƙoƙin finafinan Hausa. Masaƙu da yawa sun rufe, saboda ƙarancin wuta da kwararowar yadin waje, yaran Dakata da Ja'en da Panshekara waɗanda a da iyayensu ke bin jiniyar kamfani, wasunsu a ɗakunan kiɗa suke neman abinci. Cikinsu akwai masu kunne ƙwarai, waɗanda suka koya ba malami. Amma fiyanon tasu tana da wani maɓalli wanda in an taɓa shi sai ta riƙa buga ganga da dami da kanta, yatsa guda na hagu ya ishe ta. Ba a ga laifin inji ba, injin saƙa ma ai inji ne. Sai dai ma'aikacin da bai san yadda aka ja wadari ba, launi guda zai yi ta fitarwa har a tashi. Mai fiyanon da ya bar wa maɓalli hannunsa na hagu bai san abin da ke cikin damin da ke tashi ba, bai san wane sauti ne ɗan gida wane ne baƙo ba, don haka in mawaƙi ya ba shi fili ya yi nasa, sai ya maimaita karin mawaƙin, iyakarsa ke nan. Wannan yana cikin abin da ya sa waƙoƙi da dama ke kama da juna, kamar yadin da aka yanko daga bandir guda.

Saura zagaye na biyar, wanda saboda shi ne ake ta komawa faifan nan yau kusan shekara ɗari. Amstiron ya ɗauki ƙaho ya sake busa sautukan nan uku na buɗewa, Baƙo, mi, so, amma a can sama. Da ya kai so sai ya tsaya a kansa. Ya riƙe shi, numfashi guda, gaɓa ta fari ta wuce, ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce, har cikin ta huɗu, kusan bugu 16. Mutumin da ya nuna a gabatarwa cewa yana iya zuba sautuka kamar ƙanƙara, ga shi ya zaɓi guda ɗaya tak.

Me ya ba sauti guda wannan ƙarfi? Amsar tana cikin damman. So ɗan Gida ne, don haka muddin ana Gida ba ya karo da kowa. Shi ne kuma gindin Ƙofa, don haka ko a cikin Gida ba ya kwanciya kamar do, a tsaye yake yana kallon waje. Amma ba ya cikin Maƙwabci, gama Maƙwabci fa da la da do ne. Mai sauraron da ya bi zagaye huɗu ya riga ya haddace hanyar ko bai sani ba, jikinsa ya san gaɓa ta biyar tana tafe, ya san kuma mutumin nan ba zai iya zama inda yake ba in ta iso. Fiyano da banjo suna ta bugu a ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya, gaɓa ta huɗu ta zo Gida ya karkace, numfashinsa kuma kowa ya san yana ƙarewa. Abu biyu ke ƙurewa lokaci guda, iskar ƙirjinsa da wa'adin damin. Da za a cire fiyano da banjo a bar sautin shi kaɗai, da bai fi jiniyar tashi daga aiki ba.

Gaɓa ta biyar na isowa sai ya saki. Ya gangaro da sauti huɗu, so, fa, Baƙo, do, ya koma ya sake gangarowa, ya sake, ya sake, kowane zuwa yana ɗan gurgusa shi gaba ko baya ga bugu, kamar mai fizgar igiya. Zuwan Baƙo na uku ke nan, yanzu kuwa ya zama ɗan gari. A Maƙwabci, mi na asali yana manne a ƙarƙashin fa, in an daɗe a kansa sai su yi gogayya. Amstiron ya sauke shi rabin mataki ya faɗa kan Baƙo, Baƙo kuwa ga Maƙwabci daidai yake da abin da fa yake ga Ƙofa, watau sauti na huɗu mai karkatar da dami. Madanni guda ya matse Ƙofa, ya zama matakalar kari, ya kuma shiga damin Maƙwabci ya zauna. Mai son ƙaga busa ya lura, sautin bai sake ba ko kaɗan, abin da ke ƙarƙashinsa ne ya sake.

Wanda ya gwada gangarowar nan a fiyano zai ga wani abin mamaki. So da fa da Baƙo su ne 'yan uku daga dama zuwa hagu, do kuwa na dama cikin tagwaye. Duk baƙaƙe ne. In aka ƙara na hagun tagwayen, wanda ya karkatar da Gida a gaɓa ta huɗu, baƙaƙen madannai biyar sun cika, sun ba da tsani mai mataki biyar. Irin wannan tsani ne yawancin kiɗan gargajiya na ƙasar Hausa ke hawa, shi ya sa mai goge ko mai gurmi zai ji gangarowar nan ba ta yi masa baƙunta ba. Sai dai ƙaho ya fi fiyano a wuri guda: leɓen mabushi yana iya lanƙwasa Baƙo ya ajiye shi tsakanin madanni da madanni, inda yatsa ba ya kaiwa, kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata.

A gaɓa ta bakwai ya komo Gida ya sassauta. Ƙofar ƙarshe bai busa ta ba, ya bar wa Hains, wanda ya saki ƙirga ya sauko da damman a hankali shi kaɗai. Sa'an nan ƙahonin suka taru suka ja numfashi na ƙarshe a Gida, mai ganga ya haɗa 'yan faya-fayan tagullarsa, ƙwas, sau ɗaya, allura ta kai ƙarshen faifai.